Kwamfuta a Cikin Kwano

Tun ranar da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A wurin aiki tambaya, a gidan suna tambaya, har maƙwabciyata Lami, wadda ba ta taɓa damuwa da inda na sa ƙafa ba, sai da ta leƙo ta katanga ta ce, "Dije, wai da gaske ne akuya aka ba ki?" Da gaske ne. Ga labarin nan na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata miƙa masa zan yi ya karanta, don bakina ya gaji.

Goggo Saude ƙanwar mahaifina ce. Aure ya kai ta wani ƙauye a bayan Gazawa tun ba a haife ni ba, kuma yanzu ita ce shugabar matan da ke noman lambu a can. Suna da rijiyar burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana, sai dai rijiyar ba ta da wadatar ruwa. In famfo ya ja ya ja, ruwa kan yi ƙasa, in kuwa ya ci gaba da juyawa ba ruwa sai ya ƙone. Na farko haka ya ƙone, ranar da matar da ke gadinsa ta ruga gida sauke tukunya. Mata suka sayar da awakinsu suka sayo wani na hannu, wanda ba shi da abin da zai kashe kansa. Ranar da aka sa shi Goggo ta rantse a gaban mata cewa muddin rana na kan famfon nan ba za ta gusa daga gindinsa ba, har sai an samo mai gadin da ba ya gyangyaɗi.

Ana cikin haka 'yar autarta Nana ta haihu a Gidan Rumji, inda mijinta ke aiki. Haihuwar fari, kuma sai da aka yi mata aiki aka ciro yaron. Likita ya hana ta doguwar tafiya a mota, don haka ba ta je gida wanka ba. Uwar da ya kamata ta zo ta kula da ita kuwa tana can tana gadin famfo.

Ni aikina koya wa ɗalibai haɗa kayan lantarki ne a wata makarantar koyon sana'a a Katsina. Akwai wata 'yar kwamfuta da muke aiki da ita, gaba ɗayanta a kan allo ɗaya kore, ba ta wuce sabulun wanka girma ba. Waɗanda suka ƙera ta ba su ɓoye komai ba. Zanenta da yadda ake ba ta umarni duk sun baje su a fili, kowa ya ɗauka, ya kwaikwaya, ya sauya yadda ya ga dama. Sai na haɗa mata wayar da za a zura a rijiya ta ji ruwa, da makunnin da zai yanke wa famfo wuta, da gurbin layin waya don ta riƙa aika saƙo. Wato mai gadin da Goggo ke nema.

Akwatin robar da na aika a kawo mini don in saka ta bai iso ba, ni kuma ba zan jira ba. Na ciro kwanon samira daga kayan aurena, na shimfiɗa tsumma a ciki, na kwantar da ita da wayoyinta, na rufe, na ɗaure da sabon ɗankwali. Mijina ya duba ya ce, "Kamar mai kai gara." Na harare shi. Da na san abin da ke gaba da na tsaya na saurare shi.

A kan iyaka aka fara. Jami'in da ke duba kaya ya ɗaga kwanon ya jijjiga.

"Madam, mi ke ciki? Dambu?"

"Kwamfuta ce."

"Ordinatar? Cikin samira?" Ya kira abokin aikinsa don su yi dariyar tare.

Da ya buɗe ya ga wayoyi ja da baƙi, dariya ta ɗauke. Kowa ya ja da baya, har fasinjojin da muka sha rake tare tun daga Jibiya. Ban ga laifinsu ba, zamanin da muke ciki wanda ya ga waya a kwano dole ya ja baya. Amma rana ta take, ga ni tsaye da mayafi ya jiƙe. Na aro kofin ruwa wurin mai shayi, na jona wa kwamfutar batiri, na tsoma wayarta mai jin ruwa a kofin, fitila kore ta kama. Na ciro, ta yi ƙas, ja ta kama. Jami'in ya ce in sake. Na sake. Wani ya zo ya ce bai gani ba. Na sake. Aka kira babbansu daga buro, wato ofis, shi ma sai an yi masa nasa.

Babban ya tambaye ni wa ya ba ni izinin ƙera ta. Na yi masa bayani cewa masu ita sun sakar wa duniya, ba a neman izinin kowa. Sai ya ce, "Mutum shi ƙera abu shi ba da asirinshi kyauta? Madam, ki dai bincika." Ya sallame ni da fara'a, har da addu'a. Fasinjoji kuwa ba wanda ya sake yi mini magana har Maraɗi, kuma matar da ke kusa da ni ta mayar da jaririnta ɗaya cinyar.

A Maraɗi ina bukatar layin waya na ƙasar, wanda su ke kira pus, don in saka wa na'urar. Na isa shagon da tsakar rana na tarar an rufe. Na tambayi mai gadi ko rasuwa aka yi. Ya ce a'a, hutun rana ne, sai an yi la'asar. Jama'a, gari guda ya kulle ƙofa ya je ya kwanta! A Katsina ko gawa ce a shago sai an sayar maka da kati kafin a rufe. Na zauna a benci ina cin dogon burodinsu mai kama da sanda, wanda ya kusa yanka mini dasashi, ina rungume da kwano har aka buɗe.

Daga nan na yi yamma zuwa Gidan Rumji don in ga Nana. Ku sani Nana taubashiyata ce. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa ba mu yi wa juna tsiya ba. Ita ke kirana baiwarta, ni in ce ubana ne ya ciyar da uwarta. Wannan karon na shiga da tsiyata a baki, na ce ina mai jegon da ba ta iya haihuwa ba sai da wuƙa. Ko murmushi ba ta yi ba. Tana kwance ta yi fari fat, yaro na kuka a gefenta. Wata tsohuwa maƙwabciya ce ke zuwa ta dafa mata ruwan wanka in ta samu sarari, mijin kuma kunun kanwar da ya dama mata na gani a kofi, ko kare ba zai sha ba.

"Yaya Dije," ta ce, "Inna ta hi son hwamho da ni."

Na ce kar ta sake faɗin haka. Na buɗe kwano na nuna mata, na ce da na isa zan ɗaura, gobensa uwarta na hanya. Da bakina na faɗa, har da dukan ƙirji. Na kwana a tabarma kusa da ita, sauron Gidan Rumji ya yi walima da ni, da safe na kama hanya.

Motar gabas kuwa Allah ya isa tsakanina da ita. An cika ta da mutane, aka ɗora buhunan aya a sama har ta durƙusa, sannan direba ya ce saura mutum biyu. Na zauna rabi a kujera rabi a cinyar wata baiwar Allah, kwano a ƙirjina. Wani ɗan kasuwar hatsi da ke gaba ya matsa sai na gaya masa abin da ke ciki. Na gaya masa. Ya ce ban da gadin famfo me take yi? Na ce ɗalibaina sun yi injin ƙyanƙyasar ƙwai da irinta, wasu sun zuba mata littattafai yara na karantawa a wayoyinsu ko ba intanet, ana ma iya sa ta a rumbu ta faɗi in danshi ya shiga hatsi.

"To tana iya hwaɗa mini ranar da hatsi za shi tashi a kasuwar Cadawa?"

Na ce ba ta duba.

"Ashe ba ta da amhwani," in ji shi, ya juya ya ci gaba da cin goronsa.

Mun wuce Cadawa kaɗan mota ta yi tari ta mutu. Muka tura, muka jira, muka sake turawa, ba mu shiga Agiye ba sai bayan magariba, motocin Gazawa duk sun tashi. Wata Hajiya Ramatu mai sayar da abinci a tasha ta ce mace ba ta kwana a tasha tana raye, ta ja ni gidanta. Ta ba ni kopto, wato kwaɗon zogale, wanda na rantse ban taɓa cin mai daɗinsa ba, da furar da cokali ke tsayawa a ciki. Mutanen nan in suka karɓe ka baƙo ba ka da sauran iko da kanka. Da safe na fito daga wanka na tarar ta kwance ɗankwalin, ta kama murfin kwanon da hannu ɗaya, ludayin miya a ɗayan, wai za ta zuba mini guzuri. Ihun da na yi sai da kajinta suka watse.

"Yo ɗiyata," ta ce, "wa ke yawo da kwano ruhe in ba abinci ba?"

Mijina ya faɗa, Hajiya Ramatu ta faɗa, ni dai kunnena a toshe.

Daga Gazawa babur ya kai ni ƙauyen. Tun daga nesa na hango kore a tsakiyar yashi, kabeji da albasa da tumatir, ga faifan hasken rana a jere. A gindin bututu, ƙarƙashin wata 'yar rumfar zana, ga Goggo a kan kujerar tsugunno. Ta rame, ta yi baƙi, idanunta sun yi ja. Ta karkatar da kai wajen bututun, hannunta ɗaya a kusa da makunni. Rabona da ita tun bikin Nana, amma ko tashi ba ta yi ba.

"Dije, kin iso? Zamna nan. Yi magana sannu, ina saurare."

Abin da take saurare shi ne lokacin da ruwa zai fara tari a bututu, ta kashe, ta jira rijiya ta taru, ta kunna. Haka take yi tun fitowar rana har faɗuwarta, salla ma a nan take yi.

Na ce a kira maza su taya ni zura waya yanzu-yanzu. Ta ce ba a taɓa rijiya ba a gai da Mai gari ba, don filin lambun nasa ne, aro ya ba mata. Ta miƙo mini ƙullin goro, ta haɗa ni da wata mata ta raka ni, idonta bai bar bututu ba. Ni kuwa tun daga Katsina ban rabu da kwanon nan ba, kuma ina so in nuna wa Mai gari abin da za a sa a filinsa. Na ɗauka muka tafi.

Mai gari dattijo ne mai sanyin murya, yana zaune a ƙofar zaure da mutanensa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na ajiye goro da kwano a gabana don in samu hannun gaisuwa. Ban gama "ranka ya daɗe" ba wani dogon mutum mai suna Bawa, wanda shi ke karɓar gaisuwa a fadar, ya sunkuyo ya kwashe duka biyun.

"Gaisuwa daga Katsina!" ya ɗaga murya har bayan gari. "Ɗiyar Saude ta gaishe ka, ga goro, ga kwano ruhe!"

Fada ta ɗauka, "An gode, an gode!" Kafin in haɗiye yawu kwano ya shige cikin gida. Na ce, "Tsaya, malam," sai matar da ta rako ni ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau akwai tabonsa. Mai gari ya sa mini albarka, ya sa wa iyayena, ya sa wa Katsina gaba ɗaya. Can sai ga Bawa ya fito janye da jar akuya, ya danƙa mini igiya. Tukwici.

Haka na koma lambu, ba kwamfuta, sai akuya.

Goggo ta saurare ni har na gama, a karo na farko ta ɗauke kunnenta daga bututu.

"Kin aje kwano ruhe, da ɗaurin sabon kallabi, a ƙasa, gaban Mai gari?"

"To a kaina zan ɗora, Goggo?"

"Da kin ɗora bisa kanki da yanzu yana nan."

Na miƙe na ce yanzu zan koma in karɓo kayana, ai kuskure ne, kowa na kuskure. Ta kama bakin zanena ta zaunar da ni. Ta ce abin da aka yi shelarsa a fada aka ba da tukwicinsa, in na je na ce a maido, na ce wa Mai gari mai kwaɗayi ke nan a gaban mutanensa. "Ke kina tahiya Katsina. Ni ka zama garin ga, kuma lambun ga bisa ƙasarshi yake."

Da yamma aka aiko da kwanona, an wanke shi tas, an cika shi da aya, don a can ba a mayar da kwano ba komai. Na zauna na dube shi, na rasa kuka zan yi ko dariya. Akuya ta sa baki ta fara ci.

Na yi tunanin komawa gida in haɗa wata. Zane na nan a fili, umarnin da na rubuta yana cikin wayata, ba abin da ya ɓata. Amma allon kansa daga nesa ake aiko mini da shi, kafin wani ya iso Nana ta yi arba'in ta gama. Ilimi kyauta ne, na yarda, sai dai ba a zura ilimi a rijiya.

Washegari Goggo ta tura ni wurin Magajiya, yayar Mai gari, wata tsohuwa mai baki ja da goro. Na zayyana mata komai raina a ɓace. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta share hawaye, ta sake sabuwa. Sannan ta gaya mini abin da ban zata ba. Wai Mai gari ya buɗe kwano yana tsammanin alkaki ne, yana ganin wayoyi ya gane abin nan ne da Saude ta daɗe tana cewa ɗiyarta za ta kawo. Tun jiya bai ci abincin kirki ba. Mayar da gaisuwa cin fuska ne ga baƙuwa da danginta, shi kuma ba zai yi wa Saude haka ba.

Na ce, "To, Inna, ya aiko mini da ita a ɓoye mana!"

"Gari duka ya ga shigarta. In anka gan ta gobe bakin rijiya, mi za a ce? An sace, ko an ƙwace?"

Wato ni ina jin kunyar tambaya, shi yana jin kunyar bayarwa, kwamfuta na ɗaki, Nana na kwance. Na ce to yanzu ya za a yi? Magajiya ta ɓare goro ta ce abin da ya zama na mutum yana iya yin sadaka da shi. Mai gari zai ba rijiya ita sadaka, ladan ya kai ga marigayiya mahaifiyarsu. Na ce madalla, a yi yau. Ta dube ni kamar na zagi wani. Sadaka irin wannan sai Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, kowa na nan.

Ranar Litinin ce fa.

Kwanakin nan ba na son tuna su. Na ce wa Goggo ta tafi ni in zauna mata, ta ce ba ni na rantse ba. Sai na riƙa zama kusa da ita muna gadi mu biyu kamar marasa aikin yi, akuya na cin gefen mayafina. Rannan mijin Nana ya kira ya ce zazzaɓi ya rufe ta, an mayar da ita wurin likita an ba ta magani. Goggo ta kara wayar a kunne ɗaya, ɗaya kunnen na wajen bututu. Tana cewa "to, to, Allah shi sawwaƙe," ruwa ya yi tari, ta miƙa hannu ta kashe. Da ta ajiye wayar ta juya mini baya ta daɗe tana gyara ɗaurin kallabin da ba abin da ya same shi. Ni na yi alkawarin gobe, ga gobe ta wuce ta sake wucewa. 

Juma'a ta zo. Bayan salla sai ga gari ya nufo lambu, Mai gari a gaba, Bawa na ɗauke da faifai a hannu biyu. Na leƙa faifan, sai ga kwamfutata. Don a girmama sadaka, an kai wa baduku ita ya ɗinke ta ruf cikin jar fata, har da tuntaye, kamar laya. Abin da na fara tunawa shi ne basillar baduku.

Bawa ya yi shela cewa Mai gari ya ba da na'urarsa sadaka ga rijiyar mata, kuma yana roƙon baƙuwa daga Katsina ta taimaka ta ɗaura. Taimako! Ni da na ƙona yatsuna da dalma, na sha rana a kan iyaka, na tura mota a Cadawa, na zama mai taimako. Na tuna ni ma ban san sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka zana allon ba, amma su ai ba a durƙusar da su a rana an ba su akuya ba.

Na raɗa wa Magajiya cewa in aka bar ta cikin fata zafi zai kashe ta kafin la'asar. Ta ce a farke a hankali ta baya, kar baduku ya gani. Na farke da reza. Allah ya taimake ni basilla ta bi gefe, ƙwarzane kawai ta yi. Sai matsalar inda za a saka ta. Aka rasa, aka rasa, ƙarshe dai kwanon nan nawa aka juye sauran ayar, maƙeri ya huda shi don iska, aka kafe shi a inuwar faifan hasken rana. Jar fatar kuma aka cusa mata tsumma aka rataye a jikinsa, kowa ya ga sadakar Mai gari.

Zura waya a rijiya ya ɗauki lokaci, don duk namijin da ke wurin yana da shawara, har ɗan kasuwar da bai taɓa riƙe waya ba sai ta shanya. Na gama na jona, fitila kore ta kama, famfo ya tashi. Muka tsaya muna jira. Can ruwa ya fara ja baya, Goggo ta ɗaga hannu, kafin ta kai sai kwano ya yi ƙas, famfo ya tsaya. Wayarta ta yi ƙara, ta Mai gari ma ta yi, don an ce dole mai abu ya riƙa samun labarin abinsa. Mata suka rangaɗa guɗa. Da rijiya ta taru famfo ya tashi da kansa, aka sake wata guɗar.

Na ce to Goggo, a haɗa kaya. Da safe na fito da jakata na tarar da ita a kan kujerar nan a gindin bututu. A nan na fashe. Na ce Goggo wai me kike so da ni, 'yarki na can ba lafiya, abu ya yi aiki a gaban idonki! Ba ta tanka mini da zafi ba. Ta ce awakin mata ne a cikin rijiyar nan, ba za ta bar su a hannun kwano don ya yi daidai sau ɗaya a gaban taro ba. Ta cusa hannuwanta biyu cikin zane ta matse su da gwiwa, ta yini tana kallo ba ta taɓa makunni ba. Duk tsayawar da ya yi sai ta dube ni, ni kuma in kau da kai. Da rana ta faɗi ta tara matan ta ce a gabansu ta rantse, ga mai gadi ya samu, sun sake ta? Suka ce sun sake ta, ta gai da Nana.

Muka kama hanya da sassafe, ita da ƙullin kanwa da gero da ganyen wanka, ni da akuya, wadda Goggo ta ce in na bar ta na raina tukwici. Kujerar tsugunnon tana can a rumfa ba kowa a kai. Mun wuce Agiye wayarta ta yi ƙara. Ta zabura ta miƙo mini, don ba ta karatun boko. Na karanta mata: ruwa ya yi ƙasa, an kashe famfo. Ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta karɓi wayar ta ƙulle a bakin zane, ba mu kai Cadawa ba kanta ya faɗo kafaɗata. Barci take yi da rana tsaka, baki buɗe, har da minshari. Kafaɗata ta mutu, ƙafata ta yi tsami, ban motsa ba har Maraɗi, kuma da direba ya ƙure rediyo sai da na yi masa tsawa ya rage.

A tashar Maraɗi na sa ta a motar Gidan Rumji, ni na yi kudu. A kan iyaka na tarar da jami'in nan. Ya dube ni, ya dubi akuya.

"Madam, kin shiga da ordinatar kin hito da akuya?"

Na ce masa doguwar magana ce.

Akuyar tana nan a gidana, ta cinye mini zogale, ta tauna wayar cajin mijina. In kun je ƙauyen kada ku tambayi aikin Dije, ba wanda zai gane, ku ce na'urar Mai gari. Ban daɗe da dawowa ba saƙon murya ya shigo daga Nana. Ina buɗewa na ji kukan yaro, da muryar Goggo daga nesa tana faɗa wai an bar ruwan wanka ya huce. Sannan Nana, da muryarta ta da, tana dariya tana riƙe ciki saboda ɗinki:

"Baiwata, an ce kin kai ma Mai gari toshi har ya ba ki akuya. To yaushe za a kawo shanun sadaki?"

Na saurara har na haddace. Ban ba ta amsa ba tukuna, ina nan ina shirya mata wadda za ta ƙona ta.